Nomau ya tafi bai maido mini da igiyoyin waldata ba

Da safen nan labari ya iske ni. Ina zaune ƙofar gida, shayi a hannu ban kai baki ba, waya ta yi ƙara. Ɗiyarsa ce, Hassi, daga ƙauye. Ta ce, "Baba Komi, abokin faɗanka ya riga ka."

Nomau ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san ni a wannan shafi sun san ba na yabon mutane. Na ga yadda ake yi. Mutum ya mutu, waɗanda ba su taɓa leƙa shi yana jinya ba su cika waya da hotonsa. Ni ko hoton nasa ba ni da shi. Bai taɓa yarda a ɗauka ba. Ya ce fuskar da yake ba jakinsa tsoro da ita ba zai bar wa jikoki ba.

Da na ajiye wayar, ba kuka ne ya fara zo mini ba, ajiyar zuciya ce. Ciwo ya daɗe yana cin mutumin nan, yau ya huta. Kuma yau bakina ya buɗe. Akwai abin da ya yi mini wanda in na faɗa yana raye sai ya ƙaryata ni a gaban jama'a. Yanzu ba shi da bakin musu.

Nomau taubashina ne, ɗan goggona ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Tun muna yara babu zagin da bai halatta tsakaninmu ba, kuma babu mai ikon yin fushi. Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, shi aka bar shi da jaki. Na yi makarantar koyon aikin ƙarfe har na fito da takarda mai hatimi, sai gwamnati ta ga ba ƙarfe ne ya dace da ni ba, ta zaunar da ni a buron duwan na Konni, wato ofishin kwastan, ina cika takardu. Daga nan ya sa mini Komi, wato magatakarda. Sunan ya bi ni har bakin jikokinsa.

Shi kuwa amalanke yake kora. Albasa, gero, kara, duk abin da aka ɗora masa.

A farkon shekarun casa'in aka ce ma'aikata sun yi yawa. Aka tara mu, aka yi mana jawabi da faransanci mai daɗi, aka ba mu ɗan abin sallama, aka ce mu je mu tsaya da ƙafafunmu. Waɗanda suka yi jawabin suna nan kan kujerunsu har suka tsufa. Abokan aikin da muke cin tuwo kwano ɗaya suka koma gaishe ni da ɗaga hannu daga cikin mota. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kun gaji da jin sa daga bakina.

Na sayar da tsohuwar motata, garejin gidana ya zama fanko. Na ce to, abin da na koya tun farko shi zan koma wa. Zan sa injin walda a garejin nan, in yi ƙofofi da tagogi da gadaje, in zauna a inuwata, kada wani ya gan ni a titi ina neman aiki.

Abin hannuna inji ɗaya zai saya, ba biyu ba.

A tsallaken iyaka akwai wani mai kayan walda da na sani. Ya nuna mini iri biyu. Na farko na lantarki ne, babba, nauyinsa kamar ɗan maraƙi, ana jona shi da wutar gida. Shi ne sarkin baƙin ƙarfe. Ƙofa, taga, gindin mota, duk kaurin ƙarfe zai haɗa shi. Amma in ka kawo masa alminiyom, irin na tukwane da bututun ban-ruwa da murfin injin babur, sai ya huda maka shi. Kuma inda wutar take nan yake zama, ba ya zuwa ko'ina.

Na biyu na gas ne: doguwar kwalbar iska, da tukunyar da ake zuba wani farin dutse da ruwa ta ba da gas, da bakin wuta. Ba shi da ƙarfin na farko a kan ƙarfe mai kauri. Amma yana yin siririn ƙarfe, yana yin alminiyom in hannu ya iya, kuma ba ruwansa da lantarki. Duk inda ka ɗauke shi zai bi ka.

Na san duk wannan, a lakwal na koye shi. Da idona buɗe na zaɓi na lantarki, don shi ne zai bar ni a gida. Mai kayan ya ce in kai in gwada, in bai yi mini ba in dawo mu musanya da na gas. Igiyoyin injin kuwa, kebur biyu masu kauri na jan ƙarfe da ke ɗauko wuta zuwa kan aiki, daban na saye su. A kansu abin hannuna ya ƙare.

Ga abin da ban sani ba.

Bangon baya na garejina shi ne bangon ɗakin ajiyar maƙwabcina, Aliyo. Bangon ƙasa ne, bai kai ga kwanon rufi ba, akwai rata a sama da hannu zai shige. A idon duniya Aliyo kanwa da gishiri yake sayarwa. A cikin ɗakin nan kuwa durom-durom ne na fetur da ake tsallakowa da shi ta bayan duwan, jere har bakin ƙofa. A wancan zamani rabin Konni da wannan ruwan take cin abinci. Warin da nake ji in na shiga garejin, na ɗauka na tsohuwar motata ne da ya kama ƙasa.

Kowa a layinmu ya sani. Mai shayi ya sani, matan da ke daka sun sani. Gidana kaɗai aka bari a duhu, don ni tsohon ma'aikacin duwan ne, matata kuma baƙuwa ce daga Damagaram. An sallame ni daga buro, amma a wurin unguwa har gobe ni kunnen gwamnati ne. Gwamnati ta yar da ni, mutane ba su tsince ni ba.

Waldar lantarki kuwa tartsatsi take watsawa ko'ina. Teburin aikina a jikin wannan bangon na kafa shi. Ɗakin da 'ya'yana ke kwana yana gefen garejin.

Ranar da aka sauke injin, Aliyo ya shigo yi mini barka. Ya tsaya yana kallonsa yana shafa ƙeya. Ya ce, "Mushe," haka ake kiran ma'aikacin gwamnati da faransanci, "da ka nemi wuri bakin kwalta. Ai can mutane za su gan ka."

Na ce masa nan gidana ne.

Ya ce, "Haka ne." Ya fita.

Na ɗauka ƙarar guduma yake gudu. Daga baya na ji cewa fetur ɗin ba nasa ba ne, ajiya ce ta manya. Damina ta ɓata hanyoyin daji, jandarmomi sun tsare babbar hanya, ba inda zai kai shi sai ruwa ya ɗauke. In kuma ya gaya mini, a ganinsa, ya gaya wa duwan.

Nomau yana cikin masu ɗauko durom ɗin, a ƙarƙashin lodin kara. Kafin a ba mutum wannan aiki sai ya dafa Alƙur'ani cewa bakinsa ba zai faɗa wa kowa ba, ko da uwarsa ce. Ya dafa.

To ga mutum, rantsuwa a hannu ɗaya, 'ya'yana a ɗaya hannun.

Da gardama ya fara. Ya shigo garejin, ya zagaye injin yana taɓa shi da bulalar jaki.

"Komi, wanga mi ne? Akwatin gawa?"

"Injin walda ne, jahili."

"Shina ɗinke tukunya?"

"Ba ya yi."

"Injin ban-ruwa hwa, in ya tsage?"

"Ya danganta da inda ya tsage."

"Ke nan ba ya yi. To mi shikai?"

"Ƙofofin ƙarfe."

"Wa za ya saya? Ma'aikatan da ba a biya albashi ba? Mi za su kulle?"

Ya ci gaba. Wai ya ji an ce hasken wannan inji yana hana kaji ƙwai. Wai yana shanye wutar unguwa, a bar ladan da lasifika ba murya. Wai in mayar da shi in ɗauko mai kwalba, wanda mutum zai ɗora a amalanke ya bi masu aiki inda suke. Na ce masa ranar da zan fara ɗaukar darasin ƙarfe wurin mai korar jaki, ranar zan ƙona takarduna. Ya ce da na ƙona su tun tuni da sun dafa mini shayi, sun yi amfani sau ɗaya.

Bai san komai game da walda ba, kuma har ya mutu bai sani ba. Ya dai san inda ba ya son a kunna ta.

Mai haɗa wuta ya ce zai zo ya jona mini injin washegarin cika-ciki, bikin farkon shekarar Musulunci. A shekarar nan cika-ciki cikin damina ya faɗo.

A danginmu, ranar cika-ciki ɗan mace kan zo gidan ɗan namiji da tsintsiya, ya ɗan share ƙofa, ya karɓi shararsa. Yawanci goro ne, ko tsohuwar riga. Amma asalin al'adar, abin da hannunsa ya ɗauka ya ɗauku. Ba a ƙwace shi. Sai dai a fanshe shi da abin da shi ya yanka.

Da hantsi sai ga Nomau da wata guntuwar tsintsiya da ta ci ƙasa. Ina kan kujera a bakin garejin. Na ce, "Share da kyau, bawa, har ƙarƙashin tebur."

Ya ce, "An gama, ubangidana."

Ya share. Har ƙarƙashin teburin ya share, ya daɗe a durƙushe jikin bangon nan. Da ya miƙe sai ya sa hannu ya sauke igiyoyin daga ƙusa, ya naɗe su, ya rataya a kafaɗa.

"Na karɓi sharata. Allah shi maimaita mana."

Na yi dariya. Na ɗauka zai kai bakin layi ya dawo, in ba shi goro. Bai dawo ba. Washegari mai haɗa wuta ya zo, ya ga inji ba igiya, ya koma.

Na tafi gidansa, can bakin gari inda gonaki suka fara. Na tarar ya ɗaure jakinsa da ɗaya daga cikinsu a gindin dogonyaro.

Ya ce, "Dubi yadda ta karɓe shi. Tun da anka haife shi bai samu igiya irin wagga ba."

Na ce, "Nomau, wasa ya ƙare. Abincin 'ya'yana ne ka ɗaure jaki da shi."

Ya ce, "Na san 'ya'yanka."

Da ya faɗi haka babu dariya a fuskarsa. Na lura, amma ban gane ba. Kafin in yi magana dariyar ta dawo.

Na ce ya faɗi fansa. Ya ce in mayar da akwatin gawa, in ɗauko mai kwalba, in hau amalankensa mu shiga ƙauyuka har ruwa ya ɗauke. Sa'annan mu yi magana.

Na kai ƙara wurin Goggo, mahaifiyarsa. Na same ta tana ɓarar wake a faifai. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Kai da ka yi lakwal, a wace takarda anka rubuta ana kai ƙarar taubashi?" Na ce Goggo, wannan ba goro ba ne. Ta ce, "Ɗana wawa ne, na sani. Amma ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ba ya iya ci ba. Tunda ya ɗauka, bi shi ka gani."

Ban sani ba ko ta san wani abu. Ta rasu ban tambaye ta ba.

Ina da sauran sanayya a wurin jandarmomi, da na so da yamma igiyoyin sun dawo. Amma mutumin da ya kai taubashinsa gaban hukuma a kan shara, ranar da ya mutu sai ya ɗauki makararsa da kansa. Wasu igiyoyin kuma ba ni da abin saye. Gero yana ƙarewa a gida.

Na mayar da injin.

Nomau ne ya ɗauke shi a amalanke har tsallaken iyaka, yana ta yi wa jaki hira. Muka lodo na gas. Da muka dawo muka iso mararrabar da ke shiga layinmu, jakin bai karkata ba.

Na ce, "Ina za ka kai mini kaya?"

Ya ce, "Kayan da ke bisa amalankena, inda jakina ya kwana nan suke kwana."

Wannan ma na ɗauka neman magana ne. A filin gidansa, gindin dogonyaro, ba bango ba rufi, a nan na kunna wutar walda ta farko tun barina lakwal.

Muka shiga ƙauyuka. Wajen Bazaga, kasuwar Dogarawa, har gefen Malbaza. Ni da na saba da tebur da fanka, ga ni bisa amalanke na rungume kwalbar iska kada ta faɗi. Wata rana wani tsohon abokin aikina ya wuce mu a mota. Ya gane ni sarai, ya juya kai yana kallon gona kamar bai taɓa ganin gero ba.

Nomau ya ce, "Bar shi. Wuyansa ne ke ciwo."

Duk garin da muka shiga sai ya miƙe tsaye bisa amalanke yana shela: ga likitan tukwane, ya yi karatu har ƙasar Nasara. Ban taɓa wuce Yamai ba. Na ce ya daina yi mini ƙarya. Ya ce ƙaryar tasa ce, ba tawa ba, in bar masa kayansa.

Mata suka fara fito da tukwanen da suka tsage. Alminiyom ba kamar baƙin ƙarfe ba ne. Baƙin ƙarfe yana yin ja, ya gaya maka ya kusa. Shi wannan ba ya canza fuska, yana nan fari, sai kawai ka ga ya zube. Tukunyar farko da na taɓa, gindinta ya rufta gaba ɗaya, mai ita tana tsaye. Nomau ya ce mata likita ya duba ya ga ciwon ya yi nisa, ta dawo kasuwa mai zuwa. Da kasuwar ta zo ya kawo mata tukunyar matarsa. Abin da aka yi a gidansa a kan wannan, bai ba ni labari ba.

Ta biyu ta tsaya. Hannu ya tuna abin da aka koya masa.

Shi ke kafa mini zana ta tare iska. Shi ke ciniki, don ya ce ni in na buɗe baki faransanci ke fitowa, mutane su ɗauka haraji na zo karɓa. In Fulani suka kawo fura da nono, ni yake fara miƙa wa ludayi, ya ce ubangida ke fara ci, in da guba bawa ya tsira. In wani ya tambaye shi me ya kawo mushe bisa amalanke, sai ya ce sha'awa ce kawai, mutumin yana da gida da gareji a birni.

Wajen ƙarshen damina masu lambu suka fara shirin albasa. Suka fito da injinan ban-ruwa da suka kwana a ɗaka, wannan murfinsa ya tsage, wancan bututunsa ya ɓalle. Da can sai sun tsallaka iyaka da su. Yanzu ga mai yi a bakin rijiya. Aikin da ya ciyar da gidana ke nan har na tsufa, kuma injin da na fara zaɓa ba zai iya shi ba.

Duk da haka ban huce ba. Ina bisa amalankensa, ina shan furarsa, ina ba shi amsa da kai.

Sai ranar da aka yi wani babban ruwa, tun safe har azahar. Muna fake a zauren gidansa aka zo aka ce bangon garejina ya faɗi.

Na tafi da gudu cikin taɓo.

Bangon ya jiƙe daga gindi, ya kife ciki, ya danne teburin aikina. A bayansa ga durom-durom a jere. Ƙasan wurin baƙi ƙirin, ya sha fetur ya ƙoshi. Ruwan sama yana bi ta cikin garejina yana fita titi, samansa yana sheƙi kala-kala. Warin har cikin ido.

Duk layinmu suna tsaye. Ba wanda ke kallon durom ɗin, sun san su. Ni suke kallo, su ga ko zan juya in nufi buron duwan. Aliyo yana tsugune, hannu bisa kai.

Na dubi inda teburin yake. Na dubi inda ƙusar igiyoyin take. Na dubi ƙofar ɗakin yara, takalmansu a jere a bakinta.

Na zauna cikin taɓon. Ba abin da ke fita bakina sai alhamdu lillahi. Ban san sau nawa na faɗa ba. Ban taɓa jin sanyi irin na ranar ya sauka a ƙirjina ba, ko ranar da aka ba ni takardar lakwal.

Da na iya miƙewa na ce wa Aliyo ya samo tabarmi ya rufe kayansa, kuma kada a hura wuta a gidajen nan biyu sai an kwashe su. Na kwashi iyalina na kai gidan Goggo. Ban je duwan ba. Ba don ina ƙaunar mutanen layin ba. Mutanen da suka gwammace mu ƙone gaba ɗaya da a ce wane ne ya yi magana, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ba wanda ya zo ya ba ni haƙuri. Sun dai daina yin shiru in na iso wurin mai shayi, a ganinsu wannan ya isa.

Aliyo ne ya ba ni labarin rantsuwar, bayan an kwashe kayan. Ya ce tun ranar da aka sauke injin Nomau yake zuwa masa, yana cewa a kwashe, shi kuma yana cewa ba hanya. Ya ce a ƙarshe Nomau ya ce masa, "To ni bakina a ɗaure yake, amma hannuna ba a ɗaure ba."

Na tafi na sami Nomau yana ba jaki dusa.

Na ce, "Ka sani."

"Na san mi?"

"Fetur ɗin."

"Wane fetur? Ni kara nika ɗauka."

"Igiyoyin fa?"

"Jakina ya gani ya ce shina so."

Iyakar abin da na taɓa samu daga bakinsa ke nan. Na ce to ruwa ya ɗauke, a ba ni kayana. Ya ce shi cewa ya yi in ruwa ya ɗauke za mu yi magana, ga shi kuwa muna yi.

Bayan shekaru na sami hali na sayi na lantarkin, na kafa shi a rumfa bakin kwalta, da sababbin igiyoyi. Na zama ina da biyun. In yaran yanzu suka tambaye ni wanne za su fara saye, nakan ce su duba abin da ke karyewa a hannun mutanen da ke kusa da su, kuma kafin su kunna komai su leƙa bayan bango. Sukan ɗauka karin magana nake yi.

Ganina da shi na ƙarshe, bayan babbar sallar da ta wuce ne. Ya koma ƙauye wajen Bazaga tun da ƙarfi ya ƙare. Babban ɗana ya kai ni a mota. Na same shi kwance a tabarma, ya rame har ban so in kalli hannayensa ba. A saman ɗakin ga igiyoyina an ɗaure daga wannan azara zuwa waccan, robar duk ta tsattsage, an rataya kayan jikoki a kai.

Ya buɗe ido ya ce, "Komi, ka tsufa. Har yau gwamnati ba ta kira ka ba?"

Na ce, "Jira take ka mutu ta ba ni jakinka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Hassi ta ba shi ruwa ta fita.

Na matsa kusa. Na ce, "Nomau, Aliyo ya mutu. Masu kayan sun mutu. Waɗanda suka sa ka dafa littafi ba ko ɗaya a duniya. Faɗa mini sau ɗaya, in ji da kunnena, in yi maka godiya kamar mutum."

Ya dubi igiyoyin.

Ya ce, "Wanda na yi ma rantsuwar bai mutu ba."

Ban sake tambaya ba.

Da na tashi tafiya ya riƙe bakin rigata. Ya ce, "In na tahi ka zo ka ɗauki tarkacenka. Sun cika mini ɗaki."

Ɗazu Hassi ta ce tun kafin bakinsa ya rufe ya sa aka sauke su, aka naɗe, aka ajiye a gefen tabarmarsa. Ya ce na Komi ne, Komi ya gama biyan fansa.

An kai shi tun hantsi, ciwon ƙafa bai bar ni na samu jana'iza ba. Gobe in Allah ya kai mu za a kai ni gaisuwa, in karɓo kayana.

'Ya'yana, na san kuna karantawa. Kun san bango ya taɓa faɗi a gidanmu, kun san Baba Nomau mai ba ku rake da tsokanar ubanku. Yau kun san sauran. Takalmanku ne a bakin ƙofar nan.

Ya Allah, ga bawanka Nomau ya zo maka. Ya riƙe alkawarin da ya yi da sunanka, kuma bai bar 'ya'yana sun ƙone ba. Ka tsare shi daga wuta kamar yadda ka sa ya tsare gidana. Ka yafe masa abin da ya ɗauko a ƙarƙashin kara, ka yalwata kabarinsa, ka ba Hassi da 'yan'uwanta haƙuri.

Ku da kuka karanta har nan, ban saba roƙon kowa komai ba. Yau ina roƙo. Kafin ku wuce zuwa abu na gaba, ku ambaci sunansa, ku ce Allah ya ji ƙan Nomau.